Tabita ta Yafa: Yadda Ikilisiya Ta Ke Tunawa da Masu-hidima

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 9:36-43. Bari mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, sauran su bi da ido.

Yafa gari ne na bakin Bahar Rum, inda jirage su ke tsayawa; a zamaninmu ya haɗu da birnin Tel Abib. A can ne wata mai-bi ta zauna, sunanta Tabita da Aramiyanci, Dokas da Helenanci, ma'anarsu duka biyu kuwa barewa. Luka ya kira ta almajira. Kalmar da ya mora a Helenanci, watau siffar mace ta almajiri, ba ta sake fitowa ko'ina a cikin Sabon Alkawari ba, sai a kanta kaɗai. Ba a faɗa mana ko tana da miji ko 'ya'ya ba, ko magana ɗaya ta bakinta kuma ba a rubuta ba. Abin da a ka rubuta shi ne ta yawaita aikin kirki da taimakon matalauta.

Ta yi ciwo ta mutu, a ka yi mata wanka, a ka kwantar da ita a ɗakin bene. Masu-bi su ka ji Bitrus yana Lidda, tafiyar wajen mil 11, su ka aiki mutum biyu su roƙe shi ya zo da hanzari. Ku lura da abin da ya tarar a aya 39, gama nan ne zuciyar darasin. Ba wanda ya tashi ya jera masa asalinta ko muƙaminta. Gwauraye mata ne su ka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa riguna da mayafai da ta ɗinka tun tana tare da su. Masana Helenanci da yawa suna ganin yadda a ka faɗi kalmar nunawa ɗin yana nufin tufafin suna jikinsu ne a sa'an nan.

Mu da mu ke sayen atamfa a kasuwa ba za mu gane nauyin wannan da sauri ba. A zamanin nan kowane zare da hannu a ke kaɗa shi, kowane ƙyalle da hannu a ke saƙa shi, mayafin matalauci kuwa shi ne bargonsa da dare. Domin haka Attaura ta umarta a mayar wa mutum da mayafin da ya jinginar kafin rana ta faɗi (Fitowa 22:26-27), ta kuma hana a karɓi tufar gwauruwa jingina (Maimaitawar Shari'a 24:17). Wadda ta ɗinka wa gwauruwa riga ta rufa mata asiri ke nan. Ɗinki kuwa yana bukatar awo: sai ka matso kusa da mutum, ka san tsawonsa da faɗinsa. Mai-jefa kwabo a ƙoƙo yana iya wucewa bai ga fuskar mai-roƙo ba, amma Tabita ta san kowace ɗaya daga cikin matan nan.

Bitrus ya fitar da kowa, kamar yadda ya ga Ubangiji ya yi a gidan Yayirus (Markus 5), ya durƙusa ya yi addu'a, ya kira ta da sunanta. Da ta tashi, ya kira tsarkaka da gwaurayen ya miƙa ta gare su da rai. Akwai abin mamaki a nan. An jejjefi Istifanas, mai-wa'azi mai-iko, a ka binne shi. An kashe manzo Yakubu da takobi, bai dawo ba. Wadda Allah ya mayar wa ikilisiya a wannan karon mai-allura da zare ce. Kada mu gina koyarwa mai-tsawo a kan wannan, gama Allah ba ya bin lissafinmu. Amma lalle ya isa ya kunyata mu idan muna ɗaukan irin aikinta ƙaramin abu.

A ƙasarmu ma an yi waɗanda aikinsu ya zama sunansu. Likita Andrew Stirrett mai-sayar da magani ne a Toronto ta ƙasar Kanada. Ya bar shagunansa ya zo Nijeriya a 1902, ya yi aiki a Fategi da Wushishi, nan cikin ƙasar Kontagora, yana cikin waɗanda su ka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya rasu a Jos a 1948. Talakawa ba su riƙe sunansa na Turanci ba, Bature Mai Magani su ke ce da shi. Wannan suna irin rigunan Yafa ne, waɗanda su ka sha maganin su su ka ba shi. Shi dai an rubuta tarihinsa. 'Yan ƙasa da yawa da su ka wanke gyambuna tare da Turawan mishan, su ka goyi marayu, su ka dafa wa 'yan makaranta tuwo, an binne su da sunayensu, laifin kuwa namu ne masu-riƙon alƙalami.

Wace ce Tabita a Kontagora yau? Sau da yawa ita ce mai-bin sawun 'yan makaranta. Wani wuri gwamnati ta kan sa ma'aikacin jin daɗin jama'a ga wannan aiki. Galibi kuwa wata malama ce ko wata 'yar Zumuntar Mata ta ke yinsa ba albashi. Ita ta ke lura yarinya ta kwana biyar ba ta zo aji ba, ta taka har gidansu, ta tarar ashe rigar makaranta ce ta yage, ko kuɗin jarrabawa ne babu, ko an ɗora mata talla, ko ana shirin aurar da ita. Ta zauna da uba ta lallashe shi, ta koma ta roƙi hedimasta, wani lokaci ta kwance bakin zanenta ta biya.

Wannan aiki ya yi nauyi ƙwarai a shekarun nan. A watan Mayu 2021 'yan bindiga su ka kwashe yara fiye da 100 daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, su ka yi kusan wata uku a daji. A ranar 21 ga Nuwamba 2025 a ka kwashe yara da malamai fiye da 200 daga makarantar St. Mary ta Papiri, cikin dayosis ɗin Katolika na Kontagora. Ranar da a ka sako yara, manya su kan zo da motoci a ɗauki hoto. Bayan sun tafi sai a bar yaron da ba ya iya barci, da uwar da ta rantse ɗanta ba zai ƙara taka makaranta ba. Mai-komawa gidan nan mako bayan mako, ba ta tambaya ko gidan Kirista ne ko na Musulmi, ita ce 'yar'uwar Tabita.

Sa'ad da irin wannan mai-hidima ta rasu, al'adarmu ita ce a jera manya su yi jawabi, waɗanda ta taimaka kuwa suna tsaye a bakin taga. A Yafa su ne a cikin ɗakin. Ya kamata fasto ya ba su wuri su yi magana, magatakarda kuma ya rubuta abin da su ka faɗa a littafin ikilisiya, har da sunayen gidajen da ta ke ziyarta. Mu ba a yi mana alkawari Bitrus zai zo ya tashe ta ba. In ba a rubuta gidajen an raba su ga waɗansu ba, ranar jana'izarta ziyarar ta ƙare.

Domin tattaunawa: Su wane ne a ikilisiyarku za a iya nuna rigunansu, ko da suna da rai? Yara nawa ne na unguwarku su ka bar makaranta bana, wa kuma ya je gidajensu? Kafin taro mai-zuwa, bari a zaɓi mutum biyu su je su tambayo, su kawo wa ƙungiya labari. A karanta Yakubu 2:14-17 kafin a rufe da addu'a.