Bindiga a Ɓoye, Talla a Bayan Mota: Shawarwari ga Magidanta a Amurka

A kowace jiha ta Amurka a yau akwai hanyar da doka ta buɗe wa farar hula ya ɗauki ƙaramar bindiga a ɓoye a jikinsa. Illinois ce ta ƙarshe da ta yarda, a 2013, kuma zuwa 2024 jihohi 29 sun daina ma neman lasisi, ciki har da Texas da Florida. Shagon da ya sayar maka da bindigar yakan haɗa maka da sitika ko hular hana-sallah mai tambarin kamfanin Glock ko Sig Sauer, ƙungiyar masu bindiga ta NRA ma tana aika wa 'ya'yanta nata. Daga cikin 'yan'uwanmu mazauna can akwai waɗanda suka mallaki bindiga don tsaron gida ko shago. Shin ya dace su manna sitikar, su sa hular? Amsata ita ce a'a, kuma ga dalilai da abin da ya kamata a yi.

1. Ɓamɓare sitikar da ke jikin motarka

Ƙungiyar Everytown for Gun Safety ta bi alƙaluman hukumar FBI na garuruwa 337, ta gano cewa a 2022 an kai rahoton satar bindigogi kusan 112,000, kuma fiye da rabinsu daga cikin mota aka ɗauke su. Wato kusan duk minti tara ana sace bindiga ɗaya a mota. A Memphis kaɗai an sace sama da 3,000 a wannan shekarar. Da yawa ba a wani lungu mai duhu aka yi satar ba, a ƙofar gidan mai motar aka yi ta.

Duba yadda ɓarawon yake aiki. Ya san akwai wuraren da ba a shiga da makami: kotu, gidan waya, makaranta, filin wasa. Ya san mai bindiga idan ya zo irin wurin nan, zai zare ta daga ƙugu ya tura ta cikin ɗan akwatin gaban mota ko ƙarƙashin kujera. Motoci ɗari biyu ne a filin fakin, ba zai iya fasa su duka ba. Sai ya bi layi yana duba gilashin baya. Wadda ya ga hoton bindiga ko tambarin kamfaninta, ita ce ta rage masa wahala. Fasa gilashin da lalube bai kai minti ɗaya ba. 'Yan sandan garuruwa da dama sun sha yin wannan gargaɗin. Kuma abin da ya fi damuna ba asarar dala ɗari biyar ba ce. Bindigar da aka sace ba gidan mutumin kirki za ta ba, wataƙila ita ce za ta zama ajalin ɗan wani.

2. Mota ba ma'aji ba ce

Ko babu sitika, kada bindiga ta kwana a mota. Idan dole ta sa ka bar ta na ɗan lokaci, sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli wanda ake ɗaure shi da igiyar ƙarfe a ƙafar kujera. Ka saka ta ciki tun kafin ka iso, ba a tsakiyar filin fakin ana kallonka ba. Rubuta lambar da ke jikin bindigar ka ajiye a gida, domin ita ce abu na farko da 'yan sanda za su tambaye ka ranar da ta ɓace.

3. Tufafinka su yi shiru

Amfanin ɓoye bindiga ɗaya ne: babu wanda ya san kana da ita, saboda haka zaɓi yana hannunka. Idan rikici ya tashi a shago, kana iya janye iyalinka ku fice ta ƙofar baya kamar kowa, wanda sau da yawa shi ne daidai. Rigar da aka zana bindiga a ƙirjinta ta ƙwace maka wannan zaɓin. Ɗan fashi da ya shigo, kai zai fara sa wa ido. Ba a taɓa ganin ɗan kasuwa ya ratsa Kantin Kwari da rubutu a bayan rigarsa cewa cinikin yau yana aljihun dama ba.

Akwai kuma haɗarin da mutane ba sa kawowa a rai. Ka yi cacar baki da wani a kan wurin fakin, ya ga hularka, ya kira 911 ya ce ka nuna masa bindiga. Ƙarya yake yi, amma 'yan sanda za su zo, su caje ka, su sami bindiga. Daga nan maganarsa ta yi nauyi, kai kuma sai neman lauya.

4. Ka tuna da ranar da za a karanta rubutun a kotu

Wasu sitikun ba tambari ba ne kawai, barazana ce: ƙoƙon kan mutum, ko rubutun da ke alfahari da harbi kafin tambaya. Masu sayarwa sun ɗauke shi raha. Mai gabatar da ƙara ba zai ɗauke shi raha ba. Duk wanda ya yi harbi ya ce kare kansa ya yi, abin da shari'a za ta bincika shi ne ko tsoro na gaskiya ne ya tilasta shi, ko kuwa da ma neman dalili yake. A 2016 wani ɗan sanda, Philip Brailsford, ya harbe Daniel Shaver a wani otal a garin Mesa na jihar Arizona. An samu ya sa an zana wata baƙar magana ta ashar a jikin bindigarsa. Alƙali ya hana a nuna wa masu taya shi yanke hukunci, an kuma wanke ɗan sandan a 2017, amma sai da lauyoyinsa suka yi fafutukar hana ta shiga, kuma duk ƙasar ta ji labarinta. Wannan ɗan sanda ne fa. Baƙo mai tuƙin tasi kada ya sa ran irin wannan sassauci.

Facebook da WhatsApp ma jikin mota ne. Hoton da ka ɗauka kana wasa da bindiga don burge abokai na gida, yana nan har ranar da za a neme shi. Baki shi ke yanka wuya.

5. Shirya wa tsayawar ɗan sanda tun kafin ta zo

Ɗan sandan da ya tsayar da kai yana karanta bayan motarka tun kafin ya fito daga tasa. Sitikar bindiga tana sa ya iso a tsorace, kuma ɗan sanda mai tsoro haɗari ne. Ba zan ɓoye ba, haɗarin ya fi yawa ga baƙar fata. A watan Yulin 2016, a Falcon Heights ta jihar Minnesota, Philando Castile, wanda ke da lasisinsa, ya faɗa wa ɗan sanda cikin ladabi cewa yana ɗauke da bindiga. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi, budurwarsa da 'yarta ƙarama suna cikin motar. An wanke ɗan sandan a shekarar da ta biyo.

Kashe mota, sauke gilashi, kunna fitilar ciki idan dare ne, hannaye biyu a kan sitiyari. Kada ka miƙa hannu neman takarda sai ya ce, kuma ka faɗi inda za ka kai hannun kafin ka motsa. Ka san dokar jiharka: a Michigan da North Carolina wajibi ne mai lasisi ya sanar da ɗan sanda yana da bindiga ba sai an tambaye shi ba, a wasu jihohin kuma sai an tambaya. Lasisin ma ba ya bin ka ko'ina. Shaneen Allen, wata uwa daga Philadelphia, ta shiga New Jersey a 2013 da lasisin Pennsylvania, ta faɗi gaskiya da aka tsayar da ita, aka kama ta. Sai a 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa.

6. Ƙofar gida ma haka

Masu rataya allon gargaɗi a ƙofa suna cewa yana korar ɓarawo, kuma akwai ƙamshin gaskiya idan kana ciki. Amma ɓarawon gida ya fi son lokacin da kowa ya fita, maigida yana wurin aiki, yara suna makaranta. A lokacin allon ba ya tsorata kowa, sai dai ya sanar da abin da ke cikin ɗaki. A Disambar 2012 jaridar Journal News ta buga taswirar gidajen masu lasisin ƙaramar bindiga a wasu yankuna biyu na jihar New York, masu bindiga suka yi caa, suna cewa an nuna wa ɓarayi hanya. Sun yi gaskiya, har doka ta ba su damar ɓoye sunayensu. Abin da aka yi yaƙi a kansa kada mutum ya yi wa kansa da hannunsa. Fitila mai haske, kyamara da ƙofa mai ƙwari sun fi allo aiki.

7. Uwargida ta sani, yara su iya bakinsu

Sirri a waje ba ya nufin sirri a ɗaka. Uwargida ta san akwai bindiga da inda take. A kulle ta, babu harsashi a ciki, harsashin a wani wuri daban. Tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa a Amurka, kuma fiye da rabin mutuwar bindiga a ƙasar kisan kai ne da mutum ya yi wa kansa. A 2024 kotu a Michigan ta ɗaure James da Jennifer Crumbley shekara 10 zuwa 15 saboda ɗansu ya ɗauki bindigar da ba su killace ba ya kashe ɗalibai huɗu. A koya wa yara cewa ba a taɓa ta, ba a kuma ba da labarinta a makaranta. Sitikar nan mai nuna yawan yaranka da sunan makarantarsu, ita ma a cire.

8. Duba takardunka, duba jakarka

Dokar tarayya ta hana wanda ba shi da takardun zama mallakar bindiga, haka ma yawancin masu bizar karatu ko ziyara, in ban da 'yan keɓantattun dalilai. Uber da Lyft sun hana direbobinsu ɗaukar ta a bakin aiki. Idan kana son rigarka da hularka, filin koyon harbi da wurin farauta suna nan, can ne muhallinsu.

Sai batun zuwa gida. Kada ka yi tafiya da jakar da kake zuwa filin harbi da ita, don harsashi ɗaya kan maƙale a ɗinkin aljihu. A 2023 jami'an tsaron filayen jirgin saman Amurka sun kama bindigogi 6,737 a wurin bincike, a 2024 kuma an tsare wasu Amurkawa a tsibiran Turks da Caicos saboda 'yan harsasai da aka gani a kayansu. Riga mai kalar kakin soja ko mai hoton bindiga kuwa, kada ka sa ta cikin tsarabar ƙaninka. Shi zai bi ta shingen sojoji a hanyar Kaduna da ita, ba kai ba.