Wahalar Yarinta da Ciwon Damuwa: Yadda Za Ka Nemi Taimako ta Waya

Wanda ya tashi cikin duka da zagi, ko maraici, ko rigimar iyaye, yakan girma ya yi aure ya haihu, amma zuciyarsa tana nan a zaman ɗar-ɗar. A 1998 likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, suka fitar da sakamakon bincikensu: wanda ya sha irin waɗannan wahalhalu iri huɗu ko fiye, haɗarin kamuwarsa da ciwon damuwa ya ninka na wanda bai sha ko ɗaya ba fiye da sau huɗu. Don haka kada ka jira sai ciwon ya kwantar da kai.

Abin da masana halayyar ɗan Adam ke koyarwa ta intanet shi ne riƙe linzamin zuciya. Misali, maigidanka a wurin aiki ya ɗaga maka murya, sai ka ji gabanka ya faɗi, hannunka na rawa. Kafin ka ce uffan, gaya wa kanka abin da kake ji: tsoro ne, ko kunya, ko fushi? Ja numfashi, ka sake shi a hankali. Sannan ka tambayi kanka, wannan zafin na yau ne, ko tsohon miki aka fama? Da dare kuma, in saƙa da warwara ta hana ka barci, tashi ka rubuta abin a takarda ka ajiye sai safe. Kullum ake yi, ko da na minti 10 ne.

Wajen zaɓar inda za ka nemi taimako ta waya, ni dai ban yarda da manhajar da ba mutum a bayanta ba, domin galibi ana farawa ne a watsar. Shirin Step-by-Step na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka gwada a Labanan, darasi 5 ne, kuma kowane mako mai taimako yakan tuntuɓi mutum na kusan minti 15. Nemi mai irin wannan tsari, ka tambayi takardun mai ba da shawarar, ka kuma kulle wayarka in ana aronta a gida.

In ka yi mako biyu ba barci ba cin abinci, ko ka fara tunanin halaka kanka, maganar ta wuce waya. Gaya wa wani naka yau, ya raka ka asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko asibiti mafi kusa.