Kaurin Naman Zuciya: Magani Ba Tare da Tsaga Ƙirji Ba

Darasinmu na yau a kan wata cutar zuciya ne wadda yawanci gadonta ake yi. Bangon naman da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa shi ke yin kauri, har ya tare ƙofar da jini ke fita. Daga nan sai haki, da ciwon ƙirji, wani lokaci har da suma. An ƙiyasta tana samun mutum ɗaya cikin 500. Masu sauraronmu na Kamaru ba su manta da Marc-Vivien Foé ba, wanda ya faɗi a filin ƙwallo a Faransa cikin 2003. Ita aka tarar a zuciyarsa.

A da, in ƙwayoyi suka kāsa, sai a tsaga ƙirji a yanke naman. Amma cikin 1994, a Landan, likita Ulrich Sigwart ya zura siririn bututu ta hanyar jini, har ya kai ga 'yar jijiyar da ke ciyar da wurin nan mai kauri, ya ɗura mata barasa tsantsa. Abin da akan ɗura bai cika cokalin shayi ba. Naman wurin ya mutu, ya motse a hankali, ƙofa ta buɗe.

To, ga inda gizo ke saƙa. Barasa ba ta bin nufin likita, jijiya take bi, jijiyoyin kowa kuwa da irin shimfiɗarsu. Wani ba shi da wadda ta dace. Har ila yau, hanyar saƙon da ke sa zuciya bugawa ta cikin bangon nan ta ratsa. Saboda haka kamar ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa aikin sai an dasa musu na'urar daidaita bugun zuciya.

Shi ya sa aka nemi wasu dabaru. A Jamus, cikin 2004, aka bayyana ƙona naman daga cikin zuciya da kan bututu mai zafin lantarki, watau likita ke zaɓen wurin da kansa. Waɗansu kuma sukan toshe jijiyar da 'yar murɗaɗɗiyar waya. A Amurka, cikin 2022, aka bayyana keta bangon a tsaye da waya mai lantarki, don ya dāre.

A ganinmu, waɗannan na baya ba su daɗe a hannun likitoci yadda za a daidaita su da aikin wuƙa ba. Wanda ya fi amfana da bututu shi ne tsoho, ko mai rauni wanda ba zai jure tsaga ƙirji ba. Wanda kuwa aka sami cutar a gidansu, lalle ya je a duba tasa zuciyar.