Filin Shawara: Daga garejin Panteka zuwa rumfar jiragen yaƙi

Wasiƙu uku na ware a wannan makon domin duk a kan abu ɗaya suke, wato aikin gyaran jiragen sojan sama. Kada ku yi mamakin yadda tsohuwa ta san noti da sifana. Ƙanena a wannan aikin ya tsufa har ya ajiye kaki, kuma na sha wanke rigunansa masu warin man jirgi tun kafin ya yi aure.

Gwaggo, barka da war haka. Shekaruna 21, kuma shekara biyar ke nan ina koyon kanikanci a Panteka. Ogana yana cewa ko ido rufe zan sauke injin Golf in mayar. Amma duk sanda jirgin soja ya taso daga Mando ya bi ta kanmu, sai in saki sifana in bi shi da kallo. Ina so in shiga sojan sama in zama mai gyaran jirgi. Na gama sakandare, sai dai ban sami kiredit a lissafi ba. Wani mutum a unguwarmu ya ce in kawo naira dubu 400 zai sa sunana. Baba kuma ya ce in dai gyara ne ai gyara nake yi, mene ne na sa kaki? Ki ba ni shawara. Ɗanki daga Tudun Wada, Kaduna.

Ɗana, mu fara da mutumin unguwarku, mu sallame shi. Kada ka ba shi ko sisi. Rundunar sojan sama da kanta take sanar da ɗaukar kurata, a intanet ake cike takardar, kuma kyauta ce. Masu irin wannan ciniki dabararsu ɗaya: su karɓi kuɗin yara ashirin, in Allah ya sa biyu suka ci da ƙoƙarinsu sai su ce su suka yi, sauran kuma a ce musu sai baɗi.

Abin da zai sa sunanka shi ne lissafin nan da ka ambata a gurguje kamar ƙaramar magana. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. A sanarwar da aka saba fitarwa, mai takardar sakandare kaɗai ba ya wuce shekara 22, mai difloma kuma ana ɗaga masa zuwa 25, sannan namiji ya kai tsawon mita 1.66. Ka ga ke nan rana ta yi maka nisa. Ka ɗebi kaɗan daga kuɗin da za ka ba wancan mutumin, ka yi rajistar jarrabawar ƙarshen shekara, ka sami malamin da zai zauna da kai bayan magariba. Ka je asibiti kuma a gwada maka ido, musamman bambance launi. Akwai samari da yawa da ba su taɓa sanin ja da kore suna rikice musu ba sai ranar gwajin lafiya, alhali wannan aiki ne na fitilun gargaɗi da alamomi masu launi.

In an ɗauke ka, a nan Kaduna za ka yi wajen wata shida kana fareti da gudu da riƙon bindiga. Soja za ka fara zama kafin a yi maganar sifana. Kuma ba a bakinka kaɗai zaɓin fanni yake ba. Ana duba sakamakonka da abin da rundunar take buƙata, kana iya samun kanka cikin masu gadin sansani ko masu kula da kayan ajiya. Ka shiga da sanin haka, kada daga baya ka ce an yaudare ka. In ka dace aka tura ka ɓangaren gyara, a can ma kashi-kashi ne: masu gangar jiki da fuka-fuki, masu inji, masu lantarki da na'urorin gaban matuƙi, masu ɗora makamai, har da masu kula da kujerar da ke cilla matuƙi waje idan jirgi ya gagara. Ita wannan kujerar akwai abin fashewa a ƙarƙashinta, ba a jingina da ita ana hira.

Yanzu ga maganar da na fi so ka ji, kuma ba za ta yi maka daɗi ba. Abin da ya sa ake yabonka a Panteka shi ne zai fara ba ka wahala a rumfar jirage. Gwanin gareji shi ne mai dabara. Noti ya ɓata, ya lalubo wani a cikin gwangwani. Tiyo ya tsage, ya naɗe shi da roba ya ce wa direba ya lallaɓa zuwa Zariya. Ya ɗaure ƙusa har sai hannunsa ya gaya masa ta ɗauru. Wallahi ina girmama wannan basira, ita ta riƙe motocin ƙasar nan. Amma mota in ta mutu a Kwanar Dangora, gefe ake gangarawa a kira ka a waya. Jirgin da ya sami matsala a saman Tafkin Chadi, gefen ina zai gangara?

Shi ya sa a can ba a ɗaure noti da jin hannu. Akwai sifana mai ma'auni, littafi ya faɗi iya ƙarfin da za a ɗaure, ba ƙari ba ragi, sannan a zura siririyar waya a murɗe ta yadda girgiza ba za ta kwance shi ba. Ko ka yi aikin sau ɗari, littafin yana buɗe a gabanka, kuma da Turanci yake, to ka ga dalilin ɗaya kiredit ɗin. Akwai sassan da ake ƙirga musu awannin tashi. In awanninsu suka cika sai a cire su, ko da suna ƙyalli kamar yau aka saye su. Na san zuciyar ɗan Panteka za ta yi zafi ta ga an ajiye ƙarfe lafiyayye, amma gajiyar ƙarfe ba ta fitowa a fuska. Kowane kayan aiki yana da gurbinsa da aka zana, ana ƙirga su kafin aiki da bayan aiki. In filaya ɗaya ta ɓata, jirgin ba zai tashi ba sai an gan ta. Za ka ga manyan maza sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna tafiya a hankali a filin jirgi, kai a sunkuye, suna tsintar tsakuwa da guntun waya, saboda injin jet yana zuƙar abin da ke gabansa, kuma ƙusa guda ta isa ta lalata shi.

Bayan duk wannan sai sa hannu. Ka rubuta abin da ka yi, ka sa sunanka, wani na gaba da kai ya duba ya sa nasa. Matuƙi ba zai iya buɗe cikin inji ya gani ba, sa hannunka yake hawa. Ƙanena ya kan ce ranar da ta fi kowace wuya ita ce ranar da hafsa yake tsaye a kanka, ana jiran jirgi a fagen daga, kai kuma ka ga ɗigon mai inda bai kamata ba. In kai mai jin kunyar manya ne har ba ka iya cewa “ranka ya daɗe, wannan ba zai tashi ba”, to ka zauna a Panteka, ba abin kunya ba ne.

Aiki kuwa akwai shi. Jiragen Alpha Jet da aka sayo a farkon shekarun 1980 sun ninka ka a shekaru, kuma hannun masu gyara ne ya kawo su zamanin yaƙi da Boko Haram. Manyan jiragen dako C-130 suna Ikeja tun shekarun 1970. A 2021 aka kawo Super Tucano goma sha biyu aka ajiye a Kainji, da JF-17 guda uku daga Pakistan. Kowane iri da littafinsa da kwas ɗinsa, wasu a gida, wasu a ƙasar da aka ƙera shi. Sai dai ka sani inda jirgi ya je nan mai gyaransa yake kwana, ko Maiduguri ce ko Katsina, da zafin Afrilu da ƙurar hunturu.

Baba kuma kada ka yi masa gardama. Tsoro ne ya sa shi faɗin haka, kuma yana da gaskiyarsa. Ka fara kawo masa kiredit ɗin lissafi, sannan ka nemi wani dattijo tsohon soja da yake jin maganarsa ku je tare. In bai sa albarka ba, kada ka tafi.

Gwaggo, ina yini. 'Yata ce ta dage sai ta karanta injiniyan jirgin sama a makarantar sojan sama ta Kaduna. Tana da ƙoƙari, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ni dai ina tsoron a mayar min da ita soja, ta ƙare cikin baƙin mai, ta rasa mijin aure. Mahaifinta ya bar min wuƙa da nama. Uwa daga Funtuwa.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, shiga wannan makaranta ba shiga soja ba ne. Ana kiranta AFIT, tana cikin sansanin sojan sama na Kaduna. A 1977 ta fara a matsayin makarantar koya wa sojoji gyara da kula da kaya, a 2008 ta sami sunanta na yanzu, yau kuma tana ɗaukar 'ya'yan farar hula ta hanyar JAMB kamar kowace jami'a. 'Yarki za ta gama ta fito da digirinta ba tare da ta taɓa sara wa kowa ba. In daga baya ta so kaki, akwai ƙofar da ake ɗaukar masu digiri a ba su horo su zama hafsoshi, wannan kuma wata shawara ce ta wata rana. In jiragen fasinja ta fi so, ga kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya kusa da ku, wadda take nan tun 1964.

Batun baƙin mai, rabin jirgin zamani waya ce da kwamfuta. Jirgi marar matuƙi da rundunar ta ƙaddamar a Kaduna a 2018, Tsaigumi aka sa masa suna, yayansa na 2013 kuma Gulma (duk wanda ya raɗa waɗannan sunaye ya san Hausa, ya kuma san aikin leƙen asiri). Irin wannan aiki kai yake ci fiye da damtse. Mata kuma sun riga sun shiga har gaban jirgin: a Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile fuka-fukan tuƙi, ɗaya ta jirgin yaƙi, ɗaya ta helikwafta.

Abu ɗaya ba zan ɓoye miki ba. Kusa da inji mai aiki ba a yarda da duk abin da ke lilo a jiki ba, ko mayafi ne ko sarƙa ko zobe, ga mace ga namiji, domin rai ake karewa. Ku je makarantar ke da ita, ku ga yadda ɗalibai mata suke shiga ɗakin gwaji, ku tambaye su da bakinku. Miji kuwa, Hajiya, na ga masu digirin girki a zaune a gida, na ga injiniyoyi da goyo. Wanda zai gudu don yarinya ta san lissafi, gara ya gudu tun yanzu.

Gwaggo, mijina saje ne, mai gyaran inji, shekararsa 17 a aiki. Rannan ƙarfe ɗayan dare ya zabura ya sa kaya ya fita, wai bai tabbata ya mayar da wata sifana ba. Ya dawo da asuba. Anya ba wata yake nema ba? Kuma yanzu ya fara cewa zai bar aiki ya koma kamfanin jiragen fasinja. 'Yarki daga barikin Makurɗi.

'Yata, kishiyar taki fuka-fuki gare ta, kuma ta riga ki shiga gidan. Na yi dariya da na karanta, domin matar ƙanena ta taɓa kawo min ƙara irin wannan sak. Namijin da zai ƙirƙiro ƙarya ba sifana zai kama ba. In ya sake faruwa ki haɗa masa shayi a fulas.

Maganar barin aiki ce take son natsuwa. Shekarunsa a soja ba za su zame masa lasisi kai tsaye ba. Kafin ya sa hannu a kan jirgin fasinja sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ba shi lasisinta bayan ya ci jarrabawarta, sannan ya yi kwas a kan irin jirgin da kamfanin yake da shi, kuma kwas ɗin da tsada. Ki ce masa ya fara tattara shaidar duk aikin da ya yi da duk kwas ɗin da ya halarta, da sa hannun shugabanninsa, ya soma karatun jarrabawar tun albashi yana shigowa. Ya zauna da ofishin da ke lissafin fansho a gaya masa abin da zai samu in ya fita bana da abin da zai samu in ya ƙara wasu shekaru. Ke kuma ki lissafa kuɗin haya da na makarantar yara a Legas ko Abuja, tunda ɗakin bariki ba zai bi ku ba. Ku ajiye takardun biyu a kan tabarma ku duba tare, ranar da ba shi da aikin dare.