Yadda za a samu hasken da ya dace a hoton waya

A Ɗambatta yanzu, kafin rago ya isa kasuwar Lahadi, sau da yawa hotonsa ya riga shi zuwa Kano ta WhatsApp. Haka ma matan aure masu sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida. Abin da ke ba ni takaici shi ne a ga kaya masu kyau sun fito dishi-dishi, a ɗora wa waya laifi, alhali haske ne ba a kula da shi ba.

1. Ku fara goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi. Maiƙon hannu da ƙurar hunturu su ne ke sa hoto ya yi hazo.

2. Haske ya faɗo a kan abin da za a ɗauka, kada ya fito daga bayansa. Idan amarya ta tsaya a ƙofar ɗaki, tsakar gida na ƙyalli a bayanta, waya za ta bi hasken waje, fuskarta ta koma duhu. Ku sauya wuri: mai ɗauka ya juya wa ƙofa baya, ita ta fuskanci waje.

3. Da hantsi ko bayan la'asar ake ɗaukar hoto. Da azahar rana na bisa kai, idanu su shige inuwa, goshi ya yi ta sheƙi. In dole ne, a shiga rumfa ko bakin zaure. Gindin darbejiya kuwa, ku lura, hasken da ke ratsa ganye yakan yi wa fuska dabbare-dabbare.

4. Nan ne aka fi kuskure. Baƙin mutum cikin farar shadda yana rikita waya: ta gyara riga fuska ta ɓace, ta gyara fuska riga ta ƙone, aikin wuya ya shafe. Ku taɓa fuskar a allon waya. Alamar rana za ta bayyana, sai ku ja ta ƙasa kaɗan har ɗinkin ya fito. Wurin da ya ɗan yi duhu ana iya haskaka shi daga baya, amma wanda ya ƙone fari fat ba ya dawowa. In fuskar ta yi duhu da yawa, wani ya riƙe farin zane a gabanta daga gefe, ya mayar mata da haske.

5. Fitilar waya ba ta wuce taku biyu zuwa uku. A taron dare, ku matsa kusa da ƙwan lantarki.

6. Kada ku ƙara haske har launin kaya ya sauya. Wadda ta ga atamfa shuɗiya a hoto, aka kai mata mai duhu, ba za ta sake saye ba. Ku ajiye kayan kusa da waya ku gwada kafin ku tura, kuma ku danna HD don kada WhatsApp ya rage wa hoton kyau da yawa.