FITILA A CIKIN ƘWAYAR JIKI: YADDA MASANA KE GANIN SAƘO YANA WUCEWA

An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu, don su san wani ilmi da ake neman magunguna da shi a zamanin nan, su kuma iya ba talakawa amsa in an tambaye su.

1. Yadda jiki ke aika saƙo

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A jikin baligi akwai wajen miliyan sau miliyan 30. Ƙwayoyin nan ba sa aiki sai da umurni, kamar yadda a da dagaci ba ya tara haraji sai takarda ta zo daga hakimi. Sau da yawa manzon da jini ya kawo ba ya shiga cikin ƙwaya, a ƙofa yake tsayawa, kamar baƙo a zaure. Sai wani ɗan aike na cikin gida ya karɓi saƙon ya kai ciki.

Ɗaya daga cikin manyan 'yan aiken nan shi ne sinadarin kalsiyam, wanda ke cikin ƙashi da nono, da allin da masu kaɗi ke shafawa a yatsa. A shekarar 1883 wani likita a London, Sydney Ringer, ya nuna zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa in babu kalsiyam a ruwan da aka sa ta. Ƙwaya in tana hutawa, kalsiyam ɗin da ke yawo cikinta ya gaza na waje wajen ninki 10,000. Da saƙo ya iso sai ƙofofi su buɗe, kalsiyam ya kwararo, tsoka ta motsa, ko jijiya ta miƙa saƙo gaba. Wahalar masana ita ce abin nan ba shi da launi, kuma kafin ƙiftawar ido ya wuce.

2. Halittar teku mai haske

Kowa ya san maƙesu da ke walƙiya da dare a damina. A shekarar 1947 William McElroy na Amurka ya nuna hasken maƙesu ba ya tashi sai da wani sinadari mai suna ATP, wanda ƙwayoyi masu rai ke samun ƙarfi da shi. Nan masana suka gane za a iya auna abin da ba a gani ta hanyar hasken da yake tayarwa.

A shekarar 1961 wani masani ɗan Japan, Osamu Shimomura, da abokin aikinsa Frank Johnson, suka tafi Friday Harbor a gaɓar tekun yammacin Amurka. Can akwai wata halittar ruwa mai laushi, mai siffar laima, wadda gefenta ke haske. Suka kama wajen 10,000, suka tace, abin da suka samu bai wuce miligiram 5 ba. Wata rana Shimomura ya zubar da ragowar ruwan tacewa a wurin wanke kwanoni inda ruwan teku ke gudana, sai ya ga shuɗin haske ya walƙa. Da ya bincika, ashe kalsiyam na ruwan teku ne ya kunna shi. Aka sa wa sinadarin suna ekworin, aka buga labarinsa a 1962.

A 1967 Ridgway da Ashley suka ɗura ekworin cikin zaren tsoka guda na wata halittar teku mai ɓawo, suka zaburar da shi da lantarki. Haske ya fara tashi, sa'an nan tsokar ta ɗaure. Watau an ga ɗan aike ya iso kafin a zartar da umurni. A 1978 kuma aka ga kalsiyam yana ratsa ƙwan kifi daga gefe zuwa gefe, sa'ad da maniyyi ya shige shi.

3. Rinin da aka haɗa da hannu

Ekworin yana da wuyar samu, da wuyar shigarwa cikin ƙananan ƙwayoyi. Saboda haka Roger Tsien ya shiga haɗa rini a ɗakin bincike. A 1985 shi da abokan aikinsa suka fito da wanda ake kira fura-2. Bambancinsu shi ne, ekworin da kansa yake ba da haske kamar maƙesu, amma fura-2 sai an haska shi tukuna ya mayar da haske, kamar wata da rana. In ya kama kalsiyam, irin hasken da ya fi karɓa yakan sāke, da haka ake lissafin yawan kalsiyam ɗin.

Cikin halittar tekun nan har wa yau akwai wani furotin mai koren haske. A 1994 Martin Chalfie ya sa wata tsutsa ƙarama ta riƙa yin furotin ɗin cikin jijiyoyinta. A 1997 aka gina wani ma'aunin kalsiyam da irinsa, aka yi masa laƙabi da sunan hawainiya, domin launinsa yakan juya in saƙo ya zo. A 2008 aka ba Shimomura da Chalfie da Tsien lambar girma ta Nobel.

4. Amfaninsa gare mu

Na farko, neman magani. Ana zuba ƙwayoyi masu rinin nan a faranti mai ramuka 384, a ɗiga magani dabam a kowane rami, na'ura ta duba inda haske ya sāke. Da haka ake gwada dubban magunguna cikin 'yan kwanaki.

Na biyu, sanin cuta. Da rinin nan aka ga kalsiyam yana tashi cikin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro dab da za ta fasa ƙwayar jini ta fito. Wanda ya san ƙofar da ɓarawo ke bi, ya san inda zai sa gadi. Haka kuma ana sa wa ƙwayar ciwon barci, wadda tsando ke yaɗawa, sinadarin hasken maƙesu, a bi sawunta cikin jikin ɓera, a ga ko magani ya kai ƙwaƙwalwa.

Amma a lura, rinin nan ba magani ba ne, ma'auni ne kawai. In ya yi yawa cikin ƙwaya yakan riƙe kalsiyam ya ɓata awon, in kuma an daɗe ana haska shi yakan dushe.

5. Abin da ake roƙo

Ana roƙon hakimai, ranku ya daɗe, ku sa malamanku su karanta wannan a gaban dagatai da masu unguwa. In ma'aikatan lafiya suka zo ɗibar jini don bincike, a tambaye su takardar izninsu, a sa su yi wa jama'a bayani da Hausa, kada a tilasta wa kowa, kada kuma a bar jita-jita ta hana mai so. Sa'an nan a ƙarfafa wa iyaye su bar 'ya'yansu, maza da mata, su zurfafa a ilmin kimiyya, domin cututtukan da suka fi damunmu 'ya'yanmu ne za su fi kowa himmar neman maganinsu.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.