Me Ya Sa Majiyyata Ke Daɗewa Kafin Su Ga Likita?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko yana tambaya: mene ne sababin da majiyyaci kan yi sammako zuwa asibitin gwamnati, amma har azahar bai ga likita ba?

To malam, haƙiƙa asalin al'amarin yana baitulmali, domin a shekarar 2001 shugabannin Afirka sun hallara a Abuja, suka ɗauki alkawarin keɓe wa kiwon lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu, alhali kuwa Nijeriya, wadda aka yi taron a gidanta, ba ta taɓa cika wannan alkawari a kasafin tarayya ba. Da yake ɗakunan shan magani na ƙauyuka sun rasa ma'aikata da magunguna, mai zazzaɓin cizon sauro ma sai ya nufi babban asibiti, ya yi cunkoso da mai lalurar tiyata, ga shi kuma likitoci da yawa sun yi ƙaura zuwa Ingila da Saudiyya. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, sai dai a ganina wannan bai kusanci buƙatar talaka ba.